Idon da Ka Ɗora a Falon Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarmu da yara. Allah ya ƙara maka rufin asiri, ya sa albarka a cikin nemanka, ya tsare mana ku a can inda ƙafarmu ba ta kaiwa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan har ya koma aiki, ko da yake har yanzu in zai sunkuya sai ya yi nishin da maƙwabta za su shaida. Yara suna ta karatu. Babbar ta fi ni tsawo yanzu, kuma ta gado bakina kaf, sai ka taya ni da addu'a. Ni ma ina nan a shagon magani, kuma a kan kanta nake rubuta maka wannan, in mai saye ya shigo in ajiye biro, in ya fita in ɗauka. Saboda haka in ka ga rubutun yana hawa yana sauka, ka yi mini uzuri.

Na san za ka ce me ya samu Rediyo yau ta koma rubutu, ita da ko kurma ba ta bari ya huta. Dalilin shi ne, in na kira ka a waya, kafin in kai tsakiyar magana za ka ce ka gane, alhali ba ka gane ba, ni kuma in harzuƙa in faɗi abin da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Maganar a kan kyamarar nan ce da ka aiko aka ɗora a falon Inna. Na san ka ga ta daina nuna komai, na kuma ga saƙonninka kana tambaya ko wuta aka ɗauke ko lalacewa ta yi. Ba ta lalace ba, Yaya. Ni na cire ta da hannuna, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni.

Ka tuna yadda falon nan yake muna yara? Kujerar Baba a gefen ƙofa, wadda hannunta na dama ya goge saboda nan yake ɗora kofin shayinsa, keken ɗinkin Inna kuma a gindin taga, don ta ce hasken wurin ne kaɗai ke nuna mata ramin allura. Mu dawo daga makaranta mu tarar da ƙyallaye ko'ina a ƙasa, ita kuma ta tuɓe ɗankwali ta rataya a ƙusa, tana taka keke tana 'yan waƙe-waƙenta marasa kai da gindi, in ta manta baiti ta cike gurbin da sunan duk wanda ya shigo. Kai ne mai kwanciya a ƙarƙashin keken kana danna mata abin takawa da hannu wai kana taya ta aiki, har ranar da ya datse maka yatsa ka cika gidan da ihu, Baba ya fito ba takalmi yana tsammanin gobara ce. Bayan rasuwar Baba ma falon bai mutu ba. In zafi ya dame ta, ta shimfiɗa zane a ƙasa ta miƙe. In gwiwa ta motsa, ta naɗe zani ta shafa man zafi. Na sha shigowa in tarar tana yi wa kujerar Baba magana, tana ba ta labarin tsadar kaya, tana kai mata ƙararmu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin tsoron haka ba, don na san kewa ce, kuma a ɗakinta take. Da hantsi kuma Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarta, ta shigo su haɗa shayi, su bi gidajen layin nan kaf da baki, su yi dariya har sai ɗaya ta fara tari.

To, sai ga faɗuwar nan da Inna ta yi bara, a 'yar matakalar da ke tsakanin kicin da sito. Ban manta muryarka a waya ranar ba, Yaya. Na san abin da ya sa ka sayi kyamarar, tsoro ne da ƙauna, babu na uku, kuma wallahi ba wanda zai zarge ka a kan haka. Mai haɗawa ya zo ya kafa ta a saman kabad ɗin kwanuka, tana fuskantar taga da keken. Ranar kowa murna yake. Inna ta ɗaga mata hannu, ta ce yanzu ɗanta yana ganinta daga can uwa duniya, ikon Allah. Kai kuma, don kada a ce ka yi rowa, ka ɗauki sunan shiga da kalmar sirri ka zuba a guruf ɗin dangi na waya, ka ce duk mai kewar Inna ya leƙa. Kalmar sirrin ma ita ce wadda ta zo a jikin kwalin, ba wanda ya sauya ta. Yaya, yaushe rabonka da ka duba su wane ne a guruf ɗin nan? A da mu ne kawai da su Kawu. Yanzu akwai surukan surukai, akwai abokan 'ya'yan Gwaggo, akwai lambobin da na tambayi kowa ba wanda ya san masu su.

Abin ya fara da kaɗan kaɗan, shi ya sa ba mu farga da wuri ba. Inna ta koma ɗaura ɗankwali da yafa mayafi a cikin falonta, da tsakar rana, fanka na kaɗa iskar zafi. Na tsokane ta ko baƙi take jira, ta ce a'a, ai ba a san wanda ke kallo ba. Waƙa ta ɗauke. Kwanciya a ƙasa ta ɗauke. Maman 'Yan Biyu ta rage shigowa, in ta zo ma ta tsaya daga ƙofa ta yi gaisuwa ta wuce, ta ce mini ita ba za ta buɗe baki a gaban abin da ba ya ƙiftawa ba. Kai ma ka taimaka, ka yafe mini in faɗa. Inna ta ɗebi sukari za ta zuba a shayi, sai ga muryarka daga saman kabad, ta lasifikar kyamarar, kana cewa ya yi yawa. Ta ce cokalin ya kusa faɗuwa daga hannunta. Matar da ta yaye ka, ta yi maka wanka, ta ɗinke maka wandon makaranta har ya ƙi karɓar allura, ita ce yau take satar sukari a kicin kamar yarinya. Haba, Yaya.

Sai ga ɗan gidan Kawu, Gwangwani, wanda ya girma har da gemu amma hankali bai iso shi ba. Ya leƙa wata rana ya ga barci ya kwashe Inna a kan kujera, baki a buɗe, tabarau ya zame mata zuwa kan hanci. Ya ɗauki hoton, ya mayar da shi sitika irin wadda ake turawa don ban dariya, ya tura wa abokansa. Daga abokansa ta tafi inda Allah kaɗai ya sani. Inna ta je awon hawan jini, suna zaune a layi ita da Maman 'Yan Biyu, sai wata budurwa da ke kusa da su ta yi ta kallonta tana danne dariya, daga baya ta juyo da wayarta ta tambaye ta ko ita ce wannan. Maman 'Yan Biyu ce ta ba ni labarin, ta ce Inna ta yi dariya tare da yarinyar, har ta ce ashe ta yi suna ba ta sani ba. Amma da suka iso gida ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ban san inda abin ya kai ba sai ranar hutuna da ta wuce. Na je da hantsi, na tarar da falon a share tsaf, labule a sauke, ba ƙyalle ko ɗaya a ƙasa. Gindin taga wayam, sai alamar ƙafafun keke a kan leda. Na ɗauka sayar da shi ta yi. Can sai na ji ƙararsa daga bayan gida. Yaya, a sito na same ta. Siton nan da ka sani, mara taga, mai ƙwan fitila ɗaya da ba ya haska ko tafin hannu, tsakanin buhun gawayi da tsofaffin bokitai. Ita kaɗai ta ja keken ƙarfen nan daga falo, ta bi da shi ta kicin, ta sauke shi ta kan matakalar da ta kayar da ita bara. Kuma kullum ta nan take hawa take sauka, ba iyaka, da gwiwar nan tata. Na same ta zufa na zuba, kai ba ɗankwali, tana ta neman ramin allura a duhu, tana waƙarta ƙasa ƙasa. Da ta gan ni sai ta katse waƙar kamar na kama ta da laifi. Ni da ake ce wa Rediyo, wallahi kuka kawai na yi.

Sai da na matsa mata ƙwarai sannan ta faɗa mini sauran. Ta ce maganar hoton ta yi mata ciwo, amma ba ita ta kore ta daga falon ba. Wata rana da yamma gwiwar ta matsa mata, ta manta da kyamarar, ta zauna a ƙasa ta naɗe zani tana shafa magani. Sai ta ji muryar namiji daga saman kabad, ba taka ba, ba ta kowa da ta sani ba, ya kira ta tsohuwa, ya ce ta gyara zaninta ana kallo. Sannan aka fashe da dariya, kuma ta ce ba dariyar mutum ɗaya ba ce. Ta rarrafa ta fita daga falon. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta ce abin kunya ne a bakinta. Na tambaye ta me ya hana ta jefa wa abin tsumma ta rufe shi, ko ta zare wayarsa daga bango. Ta ce ita ba za ta rufe wa ɗanta ido ba, ka kashe kuɗinka don ita, kuma in ka duba ka ga duhu hankalinka zai tashi a ƙasar mutane. Ka ji fa. Ta gwammace ta bar maka falon ta koma sito. Kai kuma a can kana rubutawa a guruf cewa kullum falon ba kowa, ko Inna ta koyi yawo ne.

Ga abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani. Na buɗe manhajar kyamarar a wayata, na shiga wurin da ke nuna wayoyin da suke haɗe da ita. Yaya, jerin ya wuce yatsun hannuna da na ƙafata, kuma rabinsu ban san daga ina suke ba. Na kore su duka. Na sauya kalmar sirrin da wata doguwa, wadda ba sunan kowa a ciki, ba ranar haihuwar kowa, na kuma kunna tsarin nan da sai an turo lamba ta waya kafin a shiga. Na goge hotunan da ta tara. Bayan na gama duk wannan, na ɗaga kai na dube ta a saman kabad, na ga ko mutum ɗaya ne ya rage yana kallo, Inna ba za ta san lokacin da yake kallon ba. Sai na hau kujera na sauke ta, na mayar da ita kwalinta. Gwangwani kuwa har gida na same shi, na wanke shi tas a gaban matarsa, ya goge abin da ke wayarsa yana ba da haƙuri. Amma ni da kai mun san wanda ya riga ya fita ba zai dawo ba, yana can a wayoyin mutanen da ba su san sunan Inna ba. Na kuma rubuta a guruf cewa daga yau ba mai saka hoton wani, babba ko yaro, sai ya tambaye shi ko ya tambayi iyayensa, kuma duk lambar da ba a san mai ita ba za a cire. Wasu sun ji haushi, Gwaggo ta ce na cika iyayi, ban damu ba. Kai ma, tunda bakina ya buɗe, hotunan yaran nan da kake sakawa da kayan makaranta, ga sunan makarantar a ƙirji, ga ƙofar gidanku a baya, ka rage su don Allah.

Kada ka ce na cire tsaro na bar ta haka. Tsoron da kake ji ni ma ina jin sa, kuma ni ce ma nake kusa da shi. Mai walda ya zo ya kafa ƙarfen dafawa a matakalar, na shimfiɗa tabarmar roba mara santsi a kicin da banɗaki. Na saya mata ƙaramar waya mai manyan maɓallai, na sa mata igiya tana ratayawa a wuya, in ta danna na farko ni ce, na biyu Maman 'Yan Biyu, na uku kai. Ta yi ta mita wai na mayar da ita akuya mai ƙararrawa, amma tana sakawa. Maman 'Yan Biyu tana da makullin gidan yanzu, kuma ta ce kullum da safe za ta leƙo, ko ba don Allah ba don shayi. Ni kuma ina biyawa in na tashi daga shago. In wata rana jikin Inna ya kai inda dole sai an sa mata ido, to sai mu zauna da ita, ta faɗi inda za a kafa, da wanda zai gani, da lokacin da za a kashe. Gidanta ne, ita za a tambaya.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Tunda aka kafa kyamarar nan, sau nawa ka kira Inna kuka yi hira? Ba na nufin ka leƙo ta sama ka ce ta sha magani. Na san a ranka gani kake kullum kuna tare, tunda kana ganinta da safe kafin ka fita, kana ganinta a wurin aiki in ka samu sarari. Amma ita ba ta ganin komai sai 'yar jar fitila. Farkon tafiyarka, lokacin da kira yake da tsada, duk gidan nan taruwa muke in ranar kiranka ta zo. Inna ta wanke hannu ta goge a zani kafin ta karɓi wayar, kamar za ka ga maiƙon. Baba ya yi ta gyaran murya yana jiran a miƙo masa, in an ba shi kuma ya rasa abin faɗa sai tambayar ko ana ruwa a can. Ni in ƙwace in ce ka sayo mini takalmi, layin ya katse, kowa ya hau ni da faɗa. 'Yan mintuna ne, amma sati guda muke yi muna maimaita abin da ka ce. Ina kewar wannan lokacin, Yaya, kuma na san ita ta fi ni.

Ka gaishe mini da matarmu, ka ce mata ina nan ina jiran turaren da ta yi mini alkawari, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Ka shafa mini kan ɗanka Likita, ka ce masa ya dage da karatu don shagonmu na jiran sa. Ka gaida sauran yaran, 'Yar Gwal da Sarkin Kuka, Allah ya raya mana su. Maigidana yana gaishe ka, yara suna gaida Kawunsu, Maman 'Yan Biyu ma ta ce a miƙa gaisuwarta. Kawu da Gwaggo suna lafiya, ko da yake Gwaggo ba ta amsa gaisuwata sosai a kwanakin nan.

Har yanzu keken yana sito. Na kawo masu ɗauka za su mayar da shi gindin taga, Inna ta hana, ta ce ba za a taɓa shi ba sai ta ji daga bakinka cewa ranka bai ɓaci ba. Da na ce zan rubuta maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta daɗe tana juya zare a yatsa, sannan ta ce in gaya maka ta gode, Allah ya yi maka albarka, ta san don ita ka yi. Amma ta ce a da in ka kira ka tambaye ta ya jiki, takan ce maka lafiya lau ko da gwiwar ta hana ta tashi, ta ji ka sauke ajiyar zuciya ka koma aikinka da kwanciyar hankali. Ta ce yanzu ba ta iya ɗauke maka kaya, ba ta iya dafa maka abinci, wannan 'yar ƙaryar ce kaɗai abin da ya rage take yi maka a matsayin uwa, kuma kyamarar ta ƙwace mata ita. Ta ce don Allah ka mayar mata da abarta.

Ka kira ta, Yaya. Ka tambaye ta ya jiki, kuma duk abin da ta ce maka ka karɓa.

Allah ya sada mu da alheri, ya haɗa fuskokinmu muna masu rai da lafiya.

Taka har kullum,
ƙanwarka mai baki,
Rediyo